Sabunta harshen C++: modiyul da harsunan da ke neman gadonsa

C++ harshe ne na rubuta manhajar kwamfuta wanda Bjarne Stroustrup, ɗan ƙasar Denmak, ya fara ginawa a 1979 a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka. Da farko ƙari ne kawai a kan harshen C. A 1983 aka raɗa masa sunan C++, a 1998 kuma hukumar daidaita ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta fitar da ƙa'idarsa ta farko. Da shi aka rubuta manyan sassan Chrome da Firefox da MySQL da injinan wasannin bidiyo, wato wuraren da ake buƙatar sauri da iko kai tsaye a kan memori, inda kwamfuta ke riƙe bayanai yayin aiki. Tun daga 2011, kwamitin da ake kira WG21 yake fitar da sabuwar ƙa'ida duk bayan shekara uku.

Abin da ya sa sabunta harshen ke da wuya shi ne alkawarin da ya ɗaukar wa masu amfani da shi: abin da aka rubuta shekaru talatin da suka wuce ya ci gaba da aiki a yau. Don haka ƙari yana da sauƙi, cirewa ce ke gagara.

Matsalar fayilolin heda

C++ ya gaji wata tsohuwar dabara daga C. Idan mai rubuta manhaja ya sa layin `#include <iostream>` a saman fayil, ana kwafo rubutun fayil ɗin da aka ambata, wanda ake kira heda, dungurungum a liƙa a wurin, tare da duk fayilolin da shi ma ya kira. Layi ɗaya sai ya zama dubun-dubatan layuka kafin kompaila, manhajar da ke mayar da rubutu zuwa umarnin na'ura, ta soma aikinta. Idan fayil ɗari biyar suka kira heda ɗaya, sau ɗari biyar za a karanta ta. Shi ya sa gina babbar manhaja kan ci sa'o'i.

Ɓata lokaci ma da sauƙi a kan matsalar makro. Makro umarni ne na musanya kalma da wata kalma, kuma bai san iyaka ba: da zarar an ayyana shi, duk inda kalmar ta sake fitowa sai ya canza ta. Sanannen misali shi ne hedar `windows.h`, wadda ke ayyana makro masu suna `min` da `max`. Wanda ya kira ta, sannan ya rubuta `std::max`, aikin harshen na zaɓar mafi girma, sai kompaila ta watso masa kurakurai a layin da ba shi da laifin komai. Maganin da aka saba shi ne a ayyana `NOMINMAX` kafin kiran hedar, kuma galibi sai mutum ya ƙone sau ɗaya yake koyon haka.

Modiyul

Modiyul, sabuwar hanyar haɗa fayilolin manhaja a madadin heda, ya zo a ƙa'idar C++20, wadda aka wallafa a Disamban 2020. Tsarin ya fito ne daga haɗa shawarwari biyu, ɗaya daga Gabriel Dos Reis na Microsoft, ɗaya daga ɓangaren Google inda Richard Smith ya yi fice, kuma kwamitin ya amince da haɗin a taronsa na Kona, a Hawayi, a Fabrairun 2019. Mai rubutu yana buɗe fayil da `export module`, ya sa `export` a gaban abin da yake so a gani daga waje, sauran kuma ya zauna a ɓoye. Mai buƙata sai ya rubuta `import`. Sau ɗaya ake fassara modiyul a ajiye sakamakon, kuma makron da ke cikinsa ba ya ɓullowa waje. C++23 ta ƙara `import std;`, layi ɗaya da ke kawo dukkan daidaitaccen laburaren harshen, wato tarin kayan aikin da ke zuwa tare da shi.

A takarda komai ya yi kyau. A aikace, karɓuwar ta yi tafiyar hawainiya, kuma dalilin yana wajen harshen ne. A tsohon tsari kowane fayil yana tsaye da ƙafarsa, ana iya fassara su duka lokaci guda. Da modiyul kuwa, dole a fassara wanda ake kira kafin mai kiransa, don haka sai manhajar gini ta leƙa cikin kowane fayil ta gano wa ke jiran wa. Sai a ƙarshen 2023 manhajar gini ta CMake, a siga ta 3.28, ta kawo goyon baya a hukumance. Bayan haka, fayil ɗin da kowace kompaila ke ajiyewa nata ne ita kaɗai: MSVC na da `.ifc`, Clang na da `.pcm`, GCC na da `.gcm`, kuma babu mai karanta na wata. Mai laburaren da ke son yi wa kowa hidima yakan ga gara ya ci gaba da raba heda.

Masu neman gado

Modiyul bai taɓa babbar damuwar ba, wato kurakuran memori, kamar karanta abin da ya wuce iyakar jeri ko amfani da wurin da aka riga aka saki. A 2019 Microsoft ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na kafofin tsaro da take toshewa irin waɗannan ne, masu Chromium, tushen Chrome, ma suka ba da adadi makamancin haka a 2020. A Nuwamban 2022 hukumar tsaro ta NSA a Amurka ta shawarci a koma harsunan da ke kare memori. Rust, wanda ya kai siga ta 1.0 a 2015, yana cikinsu, amma sake rubuta miliyoyin layukan C++ da shi ba ƙaramar dukiya zai ci ba.

Akwai kuma rikicin cikin gida. A taron Prag na Fabrairun 2020, kwamitin bai yarda a karya ABI ba, wato yarjejeniyar da ke sa fayilolin da aka riga aka fassara su yi aiki tare da sababbi. Injiniyoyin Google, waɗanda ke gina komai nasu daga tushe, sun ga ana sadaukar da sauri saboda wasu. A Yulin 2022, a taron CppNorth na Toronto, Chandler Carruth ya gabatar da Carbon. Manufarsa ita ce ya zamar wa C++ abin da Kotlin ya zamar wa Java: sabon harshe mai tsarin rubutu nasa, da kalmomi irin `fn` da `var`, wanda zai kira C++ kai tsaye, C++ ma ya kira shi. Masu aikin sun bayyana shi a matsayin gwaji, har suka ce wanda Rust ya wadatar da shi ya yi amfani da Rust.

Wata biyu bayan haka, a taron CppCon, Herb Sutter, wanda a lokacin ya daɗe yana jagorantar kwamitin, ya nuna cppfront. Shi bai bar gida ba. Sabon salon rubutu ya kawo, mai suna Cpp2, inda kowace ayyanawa ke bin tsari ɗaya: suna, iri, ƙima, kamar `x: int = 42;`. Cppfront na mayar da wannan zuwa C++ na yau da kullum, kuma ana iya cakuɗa salon biyu a fayil ɗaya. Sunan tunawa ne da Cfront, kompailar farko ta Stroustrup, wadda ita kuma C take fitarwa.

Hylo, da aka fara sani da Val kafin a sauya masa suna a 2023, aikin bincike ne na Dave Abrahams da Dimi Racordon da abokansu, wanda ya ginu a kan sarrafa ƙima a maimakon nuni zuwa memori. Sean Baxter kuma, wanda ya rubuta kompailar Circle, ya kai wa kwamitin shawarar Safe C++ a 2024, wadda ke shigo da tsarin binciken aro irin na Rust, wato dokokin da kompaila ke bi don hana kurakuran memori, cikin harshen kansa. Kwamitin ya fi karkata ga hanyar da Stroustrup ke goyon baya, wato jerin takunkumai da mai manhaja zai kunna domin kompaila ta hana wasu rubuce-rubuce masu haɗari. A taron Hagenberg na Ostiriya a Fabrairun 2025 aka amince da ƙarfafa daidaitaccen laburare a C++26, ta yadda za a iya tsayar da manhaja idan ta nemi wuce iyakar jeri irin `std::vector`.