Sitil a ƙwallon kwando: amsa ta ƙarshe, don Allah

Kullum in mun zauna bayan atisaye a Ƙofar Mata tambayoyin nan ne dai, har na gaji da maimaitawa, to ga su a rubuce.

Wai mene ne sitil?
Ka ƙwace ƙwallo a hannun abokin karawa ko ka tare fasin ɗinsa, ta dawo hannun 'yan ƙungiyarku. Shi kenan.

In na buge ta ta fita waje fa?
Ba sitil ba ne, ƙwallo tasu ce har yanzu.

Wa ya fi kowa yawan sitil a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka?
John Stockton na Utah Jazz, 3,265. Kuma sai kakar 1973-74 aka fara rubuta sitil, kar wani ya zo min da gardamar 'yan da.

Koci, yarona na yin sitil 3 duk wasa, in ba shi gadin gwanin ɗaya ɓangaren?
To nan kam sai a hankali. Zai iya yiwuwa, amma ni ba zan ce e ba sai na san minti nawa yake bugawa, kuma wasan mai gudu ne ko mai jan ƙafa, don in ana kai da komo da sauri dole damar ƙwacewa ta yawaita. Babban abin shi ne sau nawa ya kai hannu ya rasa. Akwai wani yaro da na taɓa horarwa, da ya hango fasin sai ya zabura, in ya samu a yi ta ihu, in ya kuskure mutuminsa ya wuce fit, mu huɗu su biyar, kwando a buɗe, kuma takardar maki ba ta rubuta wannan. Allen Iverson ya fi kowa sitil kaka uku a jere, amma ba a sa shi cikin manyan masu tsaro. Bruce Bowen na San Antonio ko ɗaya a wasa bai cika kaiwa ba, shi kuwa aka riƙa ɗora wa gadin gwani irin Kobe Bryant a zamaninsu. Ka ɗau biro da takarda wasa biyu ko uku, duk zaburar da ta tashi a banza ka ja layi, har da fawul. In layukan sun fi sitil yawa, a bar shi kan mai rauni tukuna. Kar ka karaya, ana gyara wannan.

Dogaye ba sa sitil ko?
Wa ya faɗa maka? Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, sitil 213 da bulok (tare ƙwallon da aka jefa kwando) 282 ya yi a kakar 1988-89.