Ma'anar GIF, da yadda ake haɗa hoto mai motsi da manhajar kyauta

Ranar Juma'a da safe, kafin mutum ya gama karin kumallo, wayarsa ta cika da saƙonnin "Barka da Juma'a": hoton masallaci, taurari na ƙyalli suna ɗaukewa, rubutu na fitowa yana ɓacewa. Babu sauti, kuma da ya kai ƙarshe sai ya koma farko ya sake. Irin wannan hoton ake kira GIF. Kusan kowa ya taɓa tura shi, amma da wuya ka sami wanda ya taɓa haɗa nasa, alhali abin bai kai wuyar da ake zato ba.

Sunan taƙaitawa ce ta Graphics Interchange Format, wato tsarin musayar hotuna tsakanin kwamfutoci. Kamfanin CompuServe na Amurka ne ya fito da shi a 1987, ƙarƙashin jagorancin wani injiniya mai suna Steve Wilhite. A lokacin layin sadarwa tafiyar hawainiya yake yi, don haka abin da ake nema shi ne hoto mai launi wanda ba shi da nauyi. A 1989 aka sabunta tsarin, aka ƙara masa damar ƙayyade tsawon lokacin da kowane hoto zai tsaya kafin na gaba ya shigo. Maimaitawar nan da ba ta ƙarewa kuwa, manhajar shiga intanet ta Netscape ce ta kawo ta a 1995. Turawa har yau suna gardama kan yadda ake furta sunan. Shi Wilhite, wanda ya rasu a 2022, ya ce "jif" ne. Bahaushe dai in ya ga harafin g ya san yadda zai karanta shi, don haka "gif" muke cewa, kuma kowa na ganewa.

To, daga ina motsin yake fitowa? Ka tuna yadda yara ke zana ɗan mutum a kusurwar shafukan littafin rubutu, kowane shafi ƙafarsa ta ɗan matsa gaba, sannan a kama gefen littafin da babban yatsa a sake shi firrr, sai a ga mutumin yana gudu? GIF ke nan. Hotuna ne tsayayyu da aka jera cikin fayil ɗaya, ana nuna su ɗaya bayan ɗaya da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Fim ɗin silima yana nuna hotuna 24 a daƙiƙa guda. GIF yakan wadatu da goma, wani lokaci ma biyu kacal: a ɗaya tauraro na haske, a ɗaya ya dushe. Wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin.

Sauran rabin shi ne kayan aiki. Da yawa suna ɗauka sai da manhaja mai tsada ake yi, ko kuma wadda aka fasa aka saka a kwamfuta ta ɓarauniyar hanya, wadda sau da yawa takan zo da cutar kwamfuta a goye. Akwai GIMP, manhajar gyaran hoto ta kyauta, wadda wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara rubutawa a 1995, kuma har yau masu aikin sa-kai a ƙasashe daban-daban ne ke raya ta. Zubi na 3.0 ya fito a Maris ɗin 2025. Tana aiki a Windows da Linux da kwamfutar Apple. Idan aka ce kyauta ce, ana nufin abu biyu: ba ka biyan ko sisi, sannan lasisinta ya halatta maka ka kwafa ka ba wani, ka sa a kwamfutocin makaranta ko na shagonka, har ka buɗe cikinta ka gyara in kana da ilimin. A ganina wannan na biyun ya fi na farkon daraja, domin shi ne ya sa malamin kwamfuta zai iya rarraba ta ga ɗalibansa a fulash ɗaya da zuciya fes.

Akwai ma wani tarihi tsakanin GIF da masu manhajar kyauta. Dabarar matse fayil da GIF ke amfani da ita, LZW, kamfanin Unisys ne ke da haƙƙin mallakarta, kuma a ƙarshen 1994 aka sanar cewa masu rubuta manhajar da ke sarrafa GIF za su riƙa biya. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro tsarin PNG a madadinsa, shafukan intanet na GNU, shirin masu rubuta manhajar kyauta, kuma suka ƙaurace wa GIF shekara da shekaru. Wa'adin haƙƙin ya ƙare a Amurka a 2003, a sauran ƙasashe a 2004. Yanzu kowa na iya amfani da shi ba tare da neman izinin kowa ba.

A GIMP, hoto yana iya ƙunsar falle-falle da aka ɗora bisa juna, kamar ledoji masu garai-garai, kowace da zanenta. Masu zane a kwamfuta suna ce musu leya. Lokacin fitar da GIF, kowane falle shi ne hoto ɗaya a jerin, kuma daga na ƙasa ake farawa a hauro sama. Nan ne sabon shiga ya fi tuntuɓe: ya jera daga sama zuwa ƙasa yadda aka saba karatu, sai motsin ya fito da baya-baya.

A ce gaisuwar Sallah kake so ka haɗa. Ka buɗe sabon hoto, faɗinsa kada ya wuce ɗigo (pixel) 480 ko 500. Falle na farko bango ne kawai. Ka kwafe shi, a kan kwafin ka rubuta "Barka". Ka sake kwafa ka ƙara "da", ka sake ka ƙara "Sallah". Falle huɗu ke nan, kowanne rubutunsa a manne da bangonsa. Sai ka shiga Filters, ka zaɓi Animation, sannan Playback, ka kalli abin da ka yi. In ya yi maka, ka je File, ka zaɓi Export As, ka rubuta sunan fayil ya ƙare da .gif. Akwati zai buɗe. Ka sa alama a As animation, in ba haka ba hoto tsayayye za ka samu, ka kuma sa a Loop forever don ya riƙa maimaitawa. A nan ake rubuta tsawon tsayuwar kowane hoto, da ma'aunin da daƙiƙa ɗaya take 1000. Wato 100 na nufin hotuna goma a daƙiƙa, wanda ya yi wa rubutu sauri ƙwarai. Ka sa 500. Falle na ƙarshe, mai cikakkiyar gaisuwa, ya kamata ya daɗe har tsoho mai tabarau ya karanta a natse: ka ƙara 2000ms cikin baka a ƙarshen sunan fallen, zai tsaya daƙiƙa biyu shi kaɗai.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye shi ne haruffa masu lanƙwasa. Ba kowane salon rubutu ne ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ba, kuma idan babu su, manhajar takan aro harafin daga wani salo ya fito kamar baƙo a tsakiyar kalma. Noto Sans da Andika suna da su, kuma duka kyauta ne. Yana min ciwo in ga an ɓata lokaci an ƙawata hoto, sannan an rubuta "kasa" inda ake nufin "ƙasa".

GIF yana da iyakarsa, kuma gara a san ta tun kafin a fara. Kowane hoto a cikinsa ba ya wuce launi 256. Rubutu da zane da tambari suna fita tas. Hoton fuska ko na faɗuwar rana kuwa, inda launi ke narkewa cikin launi, yakan fito da zane-zane ko ɗige-ɗige. Sannan yana da cin data: motsin daƙiƙa uku a hotuna goma-goma hotuna 30 ne, kuma sau da yawa ya fi bidiyo mai irin tsawonsa nauyi. A ƙarƙashin Animation akwai umarnin Optimize na GIF, wanda ke goge duk abin da bai canja ba daga falle zuwa falle, ya bar inda ya motsa kawai. Ka yi amfani da shi, ka rage faɗi, ka rage yawan falle, don ka tausaya wa wanda zai sauke.

Saboda wannan nauyin ne ma yawancin abin da muke kira GIF a WhatsApp, a haƙiƙa gajeren bidiyo ne marar sauti da ke maimaita kansa, sitika mai motsi kuma tsarinta WebP ne, wanda shi ma GIMP tana iya fitarwa daga falle-fallen nan. Kalmar ta zarce fayil ɗin, ta zama sunan duk wani ɗan hoto mai motsi. Amma in ka shiga rumbun GIF na waya ka nemi "sannu da aiki" ko "Allah ya sanya alheri", yawanci fuskoki da rubutun wasu al'ummu za ka tarar, ko ka tashi hannu rabbana. Waɗanda ke da kwamfuta a gabansu, ɗalibai da masu shagon buga takardu da malaman makaranta, su ne za su iya cike wannan gurbin. Abu ɗaya kawai: kafin ka fitar da GIF, ka adana aikin a tsarin GIMP na asali, XCF, domin shi ne ke riƙe falle-fallenka da cikakken launinsu, ta yadda in Babbar Sallah ta zo sai ka buɗe ka sauya kalma ɗaya ka sake turawa.