'Yar tirelar kwana: tambayoyin da za ka warware kafin mai walda ya yanka ƙarfe

Ƙanin maiɗakina yana noman rani a wajen Auyo, iyalinsa kuma suna Ringim. Daga dashe zuwa girbi a bukkar kara yake kwana, sauro ya ci rabonsa, sanyin fadama ya ci nasa. Rannan ya zo mini da hoto a waya: wani ɗan ɗaki a kan taya 2, ƙaramar mota na jansa. Ya ce, "Yaya, tunda ka taɓa haɗa irin wannan, ni ma ita nake so." Tawa na haɗa ta ne lokacin da nake bin kasuwannin mako, Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Gujungu. Ga tambayoyin da ya yi mini da amsoshin da na ba shi.

Wace irin tirela ce wannan? Ni tirelar da na sani ta siminti ce.

Suna ne kawai ya haɗa su. Wannan akwati ne mai ƙofa da taga, ba ta da inji, a ƙulla ta a bayan mota, in an isa a kwance ta a kwana a ciki. Wadda ke cikin hoton nan, mai ƙoƙon gaba da siririn baya, Amurkawa ke kiranta da sunan ɗigon hawaye saboda siffarta. Ta yi tashe a can a shekarun 1930 da 1940, mutane na ƙera ta a gida daga zanen da mujallu ke bugawa. Girmanta na asali ƙafa 4 a faɗi, ƙafa 8 a tsawo, saboda a wannan awon falankin filawud yake zuwa, ba sai an yi ta yanka ana jone ba. Filawud ɗin 'yan katako na Na'ibawa ma awonsa ke nan. Ba a tsayuwa a ciki, zama ne da kwanciya.

Mai waldan garinmu ya ƙware a amalanke. Ba zai iya ba?

Rabin aikin yana hannunsa. Ya san aksil, ya san firam, ya san yadda ake ɗora akwati a kan taya. Abin da amalanke ba ta taɓa koya masa ba shi ne gudu. Shanu tafiyar mutum suke yi, kilomita 4 ko 5 a awa. In taya ta faɗa rami sai ta gangara ta hau. Ramin nan dai, a gudun kilomita 70, dukan guduma ne a kan kowace walda. Shi ya sa amalanke ke shekara da shekaru ba sifirin, boris ɗinta a bushe yana kuka, ba abin da ya same ta. Yi wa tirela haka ka ga taya ta wuce ka a kwalta.

Don haka ka zauna da shi, kada ka bar masa sallahu ka tafi gona. Firam ɗin a yi shi da fayif mai kusurwa huɗu, milimita 50 a 50, kaurin milimita 3. In ka je Ƙofar Ruwa ka sa a auna kaurin a gabanka, don fayif mai siririn jiki da mai kauri kamarsu ɗaya daga nesa. Hancin, wato ƙarfen da ke zuwa wajen mota, a yi shi biyu su haɗu a gaba kamar kan kibiya, su shige ƙarƙashin firam su yi nisa. Wanda aka manna a goshin firam kawai, daidai wurin mannin yake karyewa.

Sai awo. Na ga wani tsohon mai walda ya yi wannan da igiyar guga: ya ja ta daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, ya ƙulla alama, ya mayar da ita ɗaya gicciyen. Sai da alamar ta faɗa wuri ɗaya sannan ya ce wa yaronsa ya tayar da janareta. Haka za a auna daga bakin hanci zuwa kowane gefen aksil. In ɗaya ya fi ɗaya tsawo ko da da yatsa ne, tirelar za ta riƙa tafiyar kaguwa tana cin taya. Waldar kuma ka dube ta bayan an kankare ƙanzon. Mai kyau a kwance take, ta narke cikin ƙarfen. Mai ƙuraje-ƙuraje a sama ta tsaya, wutar ba ta isa ba, a sake.

Wane aksil zan sa?

Na bayan ƙaramar mota, tare da sifirin mai ganye. Abin da na fi so shi ne taya da wili irin na motar da za ta ja, ramukan noti iri ɗaya. Da haka safaya guda ta wadatar da su duka. Boris sabo ka saya, ka cika shi da giris. A nan kam kada ka yi tsimi.

Nauyi nawa ya kamata ta kai?

A Turai, tirelar da ba ta da birkin kanta ba a yarda ta wuce kilo 750 ba, ita da kayanta. Wannan iyaka ce ta sama, ƙananan motoci da yawa ma masu ƙera su ba su ba su damar kaiwa nan ba. Mai Golf ko Corolla ya sa ransa a kilo 500 ya tsaya. Dalili shi ne birkin motarka ne kaɗai zai tsayar da ku duka, kuma ranar da akuya za ta tsallaka titi ba ta aiko da sanarwa.

Kilo 500 kamar da yawa, sai ka fara lissafi. Firam da aksil da tayoyi za su ci wajen 150 ko fiye. Ɗakin, in an yi shi da hankali, wajen 200. Jarka 2 ta ruwa mai lita 25 kilo 50 ke nan, don kowace lita kilo guda ce. Batir babba ya kusa 30. Ga katifa, ga tukunyar gas, ga tukwane. Ka ga an zo bakin iyaka tun ba ka ɗora komai na gona ba. Na san halin manomi: ranar komawa gida zai ce buhun shinkafa 2 ai ba komai. Komai ne. In akwai kamfanin casar shinkafa mai ma'aunin mota kusa da kai, roƙe su ka hau da ita sau ɗaya ka san gaskiyar nauyinta.

Kafinta ne zai fi ba ka wahala a nan. Hannunsa ya saba da gado da kabad, zai kawo maka katako mai kauri don ya yi ƙarko. Daɓen ciki ne kawai ke son filawud mai milimita 18 ko 12. Bango da rufi siriri ya isa, a kan 'yan sanduna.

Na ji kana ta maganar inda aksil zai zauna. Ba tsakiya ba ne?

A'a, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran. Aksil yana komawa baya kaɗan, kusan kashi 60 na akwatin a gabansa, 40 a bayansa. Abin da ake nema shi ne kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na dukan nauyin ya sauka a kan hanci. Tirela mai kilo 500, hancinta ya danna da kilo 50 zuwa 75. Auna shi ba wuya: ka ɗora bakin hancin a kan sikelin awon hatsi, ka sa guntun katako ya ɗaga shi daidai tsayin maƙalar mota, ka karanta.

Ni da jikina na koyi wannan. Wata Juma'a na taso daga kasuwa, na tura ƙaramin janareta da jarkoki can ƙarshen baya don in sami wurin shimfiɗa. Da na ɗaga hancin da hannu ɗaya na ji shi sakayau har daɗi na ji. Ina kaiwa gudun 60, wata babbar mota ta wuce ni, iskarta ta bugi tirelar. A madubi na ga ta leƙo ta dama, ta koma ta leƙo ta hagu, kowane leƙe ya fi na baya, bayan motar ya fara binta. Allah ya taimake ni ban taka birki da ƙarfi ba. Na ɗage ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari a miƙe, ta lafa da kanta. A gefen titi na sauke komai na mayar da shi gaba, gwiwoyina na rawa.

Hanci in ya yi nauyi fiye da kima shi ma matsala ne, yana danne bayan mota ya ɗage gabanta, sitiyari ya yi sako-sako. Batir da ruwa wurinsu saman aksil ko gabansa kaɗan, a ƙasa, a ɗaure.

Yaya ake ƙulla ta da mota?

Da ƙwallon ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin shasin mota, ba a bamba ba. Ka lura da abu ɗaya: motocin da suka zo daga Turai ƙwallonsu milimita 50 ne, na Amurka mafi yawa inci 2, wato milimita 50.8. A ido ɗaya suke. Ƙwallo da bakin da ke kama shi su zama awo ɗaya, an buga lambar a jikinsu. Sannan sarƙa 2, a gicciya su ƙarƙashin hanci, don in ya kuɓuce ya faɗa kansu maimakon ya caki kwalta. Fitilar birki, sigina da jan abu mai ƙyalli a baya dole ne. Mai wayarin mota zai ja maka su cikin yini ɗaya.

Da kwano zan rufe ko da katako? Zafi fa?

A nan ne hoton wayar zai yaudare ka. Waccan an yi ta ne don ƙasar da ake gudun sanyi. Mu a Afrilu zafi na haura digiri 40, akwatin kwano a rufe kuwa tanderu ne. Abin da ya yi mini aiki: filawud siriri a ciki, farin soson nan irin na kwalin firji mai kaurin milimita 25 a tsakiya, falle na alminiyam ko kwano a waje, a shafe da farin fenti. Taga 2 suna kallon juna, da ƙaramar kafa a rufi don zafi ya fita ta sama, duka da ragar sauro. Ka ƙara girman tagogin fiye da na hoton.

Duk da haka da rana ba a zama a ciki. Ka sa ƙugiyoyi a gefe da za ka maƙala tamfol ka kafa rumfa, can rayuwar take. Ƙurar hunturu kuma ta bakin ƙofa take shiga, robar ƙofar tsohuwar mota tana maganinta. Ruwa shi ne ajalin filawud, ta gefen da aka yanka yake sha ya kumbura, don haka kowane baki a shafe shi da fenti sau biyu ko uku kafin a haɗa. In za ta daɗe a ajiye, kada wani katako nata ya taɓa ƙasa, gara ba ta jira.

Girki da wuta fa?

Girki a waje, kullum. Kaskon gawayi kada ya shiga ɗakin nan komai sanyin Janairu, janareta ma a nesa da taga. Iskar da ke fita daga gawayi da inji ba ta da wari ba ta da launi, a ɗaki ƙarami kamar wannan mutum barci kawai zai yi ya zarce. Bargo ka ƙara.

Wuta kuwa sola ta wadatar. Batir mai 12V da 100Ah yana ɗauke da kimanin 1,200Wh, amma irin na ruwa rabinsa ake ci in ana so ya yi ƙarko, wato 600. Fanka ta batir mai cin 20W in ta kwana awa 8 ta ci 160. Saura ya ishi ƙwan fitila 2 da cajin waya. Faifan sola mai 100W a rufi zai mayar da abin da ka ci a rana ɗaya, in kana goge masa ƙura.

Za ta shiga yashin Jigawa?

In ka yi tazarar tayoyinta daidai da na motar, za su bi sawun da motar ta riga ta danne, jan ya yi sauƙi. Ƙasanta kada ya fi na motar kusa da ƙasa. A rairayi mai zurfi ka rage iskar taya, ka mayar in ka hau kwalta. Mota mai ja da gaba tana shan wuya a yashi da kaya a bayanta, wani wurin sai dai ka kwance tirelar a nemo shanu su ƙarasa da ita. Da damina kuwa, wanda ya san ambaliyar Haɗeja da Auyo ba sai an ce masa ya fitar da ita daga fadama ya kai tudu ba.

Takardu?

Ka je ofishin VIO da zanenka tun kafin a sayi ƙarfe, ka ji abin da suke bukata na rajista da lamba. Jami'an FRSC, da na KAROTA in ka shigo Kano, za su tsayar da kai ko don mamaki. Rasit ɗin aksil da na ƙarfe su zauna a mota.

A ina zan riƙa kwana da ita?

Kusa da mutane. Masu ita na asali daji suke nema don su huta da jama'a, mu kuwa a wannan zamani ba a kwana a dawa a kaɗaice. Ka yi sallama da mai unguwa, ka faɗi ko kai wane ne, ya nuna maka gindin bishiya. Ƙofar kuma a yi mata sakatar da ake buɗewa daga ciki, ko da wani ya datse ta waje.

To da me zan fara gobe?

Da tsinke. Ka zana ƙafa 4 da ƙafa 8 a tsakar gida, ka shimfiɗa katifarka a ciki, ka kwanta, ka jera jarka da batir da jakarka inda kake so su zauna. Ƙanin maiɗakin nawa da ya gwada, nan take ya ga ƙafa 4 ta yi masa kaɗan in yaronsa zai riƙa kwana tare da shi, ya koma ƙafa 5, ya san kuma zai biya kuɗin jonen filawud da ƙarin nauyi.

In an gama firam, kafin a ɗora ɗaki, ka ɗaura masa buhunan yashi daidai nauyin da kake tsammani, ka ja shi kilomita 10 a burji. Ka tsaya ka taɓa cibiyar kowace taya. Ɗumi ba laifi. In ta ƙona maka hannu, boris ya matse ko giris ya yi kaɗan. Ka sake ɗaure notuna, ka bi kowace walda da tocila kana neman tsaga. Kafinta ya jira sai an yi wannan sau biyu.