Kayan gida a fasahar Mona Hatoum

Mona Hatoum mai fasaha ce Bafalasɗiniya da ta yi suna wajen ɗaukar kayan gida na yau da kullum ta mayar da su abin tsoro. An haife ta a Beirut a 1952, iyayenta 'yan Haifa ne da suka bar garinsu a 1948. A 1975 ta kai ziyara Landan, sai yaƙin basasa ya ɓarke a Lebanon, hanyar komawa ta toshe. Nan ta zauna, ta yi karatu a makarantun fasaha na Byam Shaw da Slade.

Gida a ayyukanta ba wurin hutu ba ne. A "Doormat" (1996), abin goge ƙafa na bakin ƙofa ne ɗauke da kalmar maraba, amma da allurai masu tsini aka yi shi. A "Incommunicado" (1993), gadon jariri ne na ƙarfe, an cire ƙasansa an ɗaura siraran wayoyi. "Homebound" (2000) ya fi su girma: kujeru, tebur, tukwane da kwalanda, duk an haɗa su da wayar lantarki, fitilu na haskawa suna dusashewa, ƙarar wuta na tashi, an kuma killace wurin. Mai kallo na ganin ɗakin girkin da mata ke yini a ciki, amma taɓa ko cokali ɗaya haɗari ne.

Batun ikon namiji ya fi fitowa a bidiyonta "Measures of Distance" (1988). Wasiƙun mahaifiyarta cikin Larabci sun lulluɓe hotunan uwar tana wanka, Hatoum kuma tana karanta su da Turanci. A ciki uwar ta ba da labarin ɓacin ran maigida game da hotunan, kamar an shiga gonarsa. Wannan aiki ne mai taɓa zuciya, domin uwa da 'ya suna magana kan jikin mace da kewar gida ba tare da neman izini ba. Haka a "Keffieh", ta saƙa zanen kufiyya, mayafin kai na maza kuma alamar gwagwarmayar Falasɗinawa, da dogon gashin mace.

A 1996 a Kudus ta jera sabulun zaitun na garin Nablus da ke Falasɗinu, ta zana taswirar yarjejeniyar Oslo tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa a kai da jajayen duwatsun ado. Tana cikin mutum huɗu da suka kai matakin ƙarshe na kyautar Turner ta masu fasaha a Birtaniya a 1995, kuma gidan adana fasaha na Tate Modern a Landan ya baje kolin ayyukanta a 2016.