Ku daina ce wa yaro "rufe bakinki"

Wata baiwar Allah ta zo wurinmu a asibiti da ciwon kai da rashin barci. Ta haura shekara 40, har da jika. Ina cikin auna jininta ta kama bakin hijabinta tana murzawa, can ta ce, "Malama, ina 'yar shekara 9 kawuna ya lalata ni." A ranar ta gaya wa mahaifiyarta. Abin da ta samu shi ne, "Rufe bakinki, kada ki tona mana asiri." Ta kuwa rufe, shekara 30 da ɗoriya. A watan nan kaɗai ba ita ce ta farko ba.

Haba iyaye! Asirin wa ake rufawa? Na yarinyar, ko na ƙaton da zai koma kan ƙanwarta?

A Amurka ma sai da masu irin wannan ciwo suka yi furfura kafin doka ta saurare su. A jihar New York, da can wanda aka yi wa fyaɗe yana yaro, in ya cika shekara 23 bai kai ƙara ba, galibi shi ke nan. A Fabrairun 2019 Gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu kan dokar da ta ɗaga wa'adin ƙarar neman diyya zuwa shekara 55. Aka kuma buɗe ƙofa daga Agustan 2019 zuwa Agustan 2021 ga duk wanda wa'adinsa ya riga ya wuce. Ƙararraki sama da 10,000 suka shiga, a kan makarantu, coci-coci da gidajen marayu. Kalifoniya ta mayar da nata wa'adin shekara 40 daga 2020. Sun gane cewa yaron da aka tsawata wa ba ya sake buɗe baki sai ya girma.

Na san kunya kuke ji, na san ana tsoron kada ta rasa miji. Amma wallahi na gaji da ganin an kawo min yarinya bayan wata 4, an gama sulhu a zaure, an karɓi kuɗi, ciki ya fito.

In yaro ya faɗa miki, mace ko namiji:
- Ki yarda da shi, ban da duka, ban da "me ya kai ka?"
- Kada a yi masa wanka, kada a wanke kayan.
- Asibiti kafin awa 72, lokacin ne maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki.
- Ki adana takardar likita, ki kai rahoto wurin 'yan sanda.

Ke kuma da ta same ki tun kina ƙarama, ki zo ranar aiki ki ce kina son ganin ma'aikaciya ke kaɗai. Za mu rufe ƙofa.