Santsin tayil: amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Kusan kullum sai wani ya tare ni da ɗaya daga cikin waɗannan. Na tara su wuri guda, a karanta kafin a sake tambayata.

Na shafa tayil ɗin da hannu na ji kaushi. Ai shi ke nan ko?

A'a. Tafin hannunka ba dundunyar takalmi ba ce. Kuma busasshen daɓe mai tsabta da wuya ya kayar da mutum. Ruwa, maiƙo da ƙura ne ke kayarwa.

A jikin kwalin an rubuta R10. Ba yana nufin babu santsi ba?

Wannan ce ta fi ba ni haushi, domin mai saye yana ganin 10 sai ya ɗauka goma bisa goma tayil ɗin ya ci. Ma'aunin Jamus ne, asalinsa daga ƙa'idar DIN 51130, kuma daga R9 yake farawa ya ƙare a R13. Babu R1, babu R8. Ke nan R9 shi ne na ƙarshe a aji, R10 kuwa mai bi masa.

Ga yadda ake samun lambar: a shimfiɗa tayil a kan allo, a zuba masa man inji, mutum ya sa takalmin ma'aikata, a ɗaure shi da igiyar tsaro, ya riƙa gaba da baya ana ɗaga allon a hankali har ƙafarsa ta zame. Idan ya zame lokacin da allon ya karkata tsakanin digiri 10 zuwa 19, R10 ne. Dubi faɗin wannan tazara! To yanzu gaya mini, me man inji da takalmin masana'anta za su faɗa maka game da yaron da ya fito wanka ba takalmi? Na ƙafa tsirara gwajinsa daban, da ruwan sabulu ake yi, sakamakon kuma A, B ko C ne, C ya fi riƙe ƙafa.

To da me ake gwadawa?

Na'urar lilo, wadda ake kira fendulum. Hannu ne na ƙarfe da guntun roba a ƙarshensa. A fesa ruwa a ƙasa, a saki hannun, robar ta shafi daɓen na tsawon kusan santimita 12 da rabi, allura ta tsaya a kan lamba. A Birtaniya haka hukumar lafiya da tsaron ma'aikata ke karanta ta: 24 zuwa ƙasa haɗari ne babba, 25 zuwa 35 tsaka-tsaki, 36 zuwa sama haɗarin kaɗan ne. Amfaninta shi ne ana ɗaukarta a kai wurin, a gwada ƙasar da mutane ke takawa.

Ɗan kwangila ya nuna mini takarda mai 0.6, ya ce ma'aunin Amurka ne.

Ka tambaye shi shekarar takardar. Tsohon gwajin da ke ba da irin wannan lamba, ASTM C1028, an janye shi a 2014. Yana auna ƙarfin da ake buƙata kafin abin da ke tsaye ya motsa, alhali mutum yana tafiya ne yake faɗuwa. Ga kuma wani abin dariya: robar gwajin takan manne da jiƙaƙƙen tayil mai sulɓi, kamar yadda gilashi biyu masu lema ke mannewa, sai tayil mai kayar da mutane ya fito da maki mai kyau. Yanzu masu tayil a can 0.42 suke nema, a jiƙe kuma cikin motsi, kuma ita kanta ƙa'idar ta ce lambar kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba.

Tayil ɗin ya ci gwaji lokacin saye, yanzu shekara biyu mutane na faɗuwa. In farfashe shi?

Dakata tukuna, kada ka taɓa guduma. Ya danganta, kuma da abubuwa da yawa. Na farko, wataƙila ba laifin tayil ba ne sam. Sau da yawa sabulun da ake lafta wa ruwan goge-goge ba a ɗaurayewa, ya bushe ya haɗu da maiƙo ya cike ƙananan ramukan da ke riƙe takalmi. Ka sa farce ka karce wani lungu, idan wani abu mai danƙo ya biyo farcen, ga amsarka. Shi ya sa ake so a gwada sau biyu, yadda aka tarar da wurin, sannan bayan an wanke shi tas. Idan lambar ta tashi sosai bayan wanki, mai shara za ka zauna da shi, ba mai gini ba.

Idan ba ta tashi ba, mai yiwuwa sawu ne ya cinye kaushin. A gwada bakin ƙofa, a gwada ƙarƙashin kabad inda ba a takawa, a kwatanta. Lambar kwali ta sabon tayil ce a ɗakin gwaji, ba wanda ya yi maka alkawarin za ta dawwama. A duba gangara ma: 36 ɗin nan na shimfiɗaɗɗen wuri ne, kowane digiri na gangara yana buƙatar ƙarin kusan maki biyu.

Akwai sinadaran da ke ɗan cin fuskar tayil su ƙara masa kaushi. Wani lokaci suna aiki, wani lokaci su dusar da launi, su sa datti ya fi kamawa, kuma ba kowane tayil ke karɓarsu ba. In za ka yi, fara da ɗan lungu, a gwada kafin da bayan, a sake gwadawa bayan 'yan watanni. Farfashewa sai an bi duk waɗannan ba a dace ba. Kada hankalinka ya tashi, da yawa ba sa kaiwa nan.

Na ajiye allon gargaɗi mai ruwan ɗorawa. Ya wadatar?

Allo ba ya busar da ƙasa. Ka goge ruwan, ka gyara abin da ke yoyo.