Don Allah a daina aron katin asibiti

Masu hawan jini da masu ciwon suga, da ku nake. Tun da aka fara shigar da awonku cikin kwamfuta, abin da a da yake kulle a fayil yanzu juyo muku da allon muke ku gani da idonku. Ga inda jininki ya kai 180 bisa 110 ranar da kika fara zuwa, ga inda ya sauko bayan an ɗora ki a kan maganin hawan jini amlodipine, ga kuma inda ya sake hawa da kika yi wata biyu ba ki leƙo mu ba. Ƙasa da 140 bisa 90 muke nema wa yawancinku, kuma wallahi muna jin daɗi in muka ga dattijo ya sa yatsa a allon yana cewa, "Ashe dai ya sauka."

To amma abu guda yana ɓata mana aikin nan: aron kati. Yarinya ta tashi da ciwon kai, sai a ce ta ɗauki katin Hajiya, ai duk gida ɗaya ne, kar a sake kashe kuɗin yankar sabo. Haba jama'a! Manhajar nan ba ta san fuska ba, lamba ta sani. Duk awon da aka yi da lambar Hajiya, a kan Hajiya zai hau.

Ku duba abin da ke biyo baya. Jikar ta zo, an auna ta, 120 bisa 80, an shigar. Wata mai zuwa Hajiya ta zo da kanta, jini ya hau. Likita ya duba ya ga ai wancan watan lafiya lau, sai ya ɗauka rana ce da tafiya suka tayar da shi, ya ce ta dawo a sake gwadawa, alhali ƙarin magani take bukata. Ga wani abin ma da ba ku sani ba: kwamfutar tana fitar mana da sunayen waɗanda ranarsu ta wuce ba su zo ba, mu kira su a waya. Da zarar an shigar da wani a lambarta, sunan Hajiya ya fita daga jerin. Babu mai nemanta, sai dai a kawo ta ɓarin jiki ya shanye. Saboda kuɗin kati!

Na san halin da ake ciki, kuma ban ce kuɗin ba komai ba ne. Amma ku zo ku faɗa mana, mu san yadda za a yi. Kar dai a ari kati.

Su ma masu yankar sabo duk zuwa ba su tsira ba. Yau da sunan uba, gobe da sunan miji, mutum ɗaya fayil uku, kowanne da guntun labari. Mai suga da aka yi wa gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance kusan wata uku, da me za mu kwatanta na yau in na baya yana wani fayil?

A taƙaice:
- Kowa da katinsa, har yara.
- Ɗauki hoton lambar a waya, ko a rubuta ta a kwalin magani.
- In kati ya ɓata, a ce ya ɓata, za mu nemo ku da lambar waya.
- Wanda ya san an taɓa amfani da katinsa, ya faɗa mana ranar asibitinsa mu cire awon da ba nasa ba. Ba za mu yi faɗa ba.